Kotu a cikin waya: tambayoyi da amsoshi kan shari'ar neman haƙƙi a zamanin intanet

Duk wanda ya taɓa bin haƙƙinsa a kotu ya san cewa rabin wahalar ba a gaban alƙali take ba. Tana cikin zirga-zirga, da jiran magatakarda, da fayil ɗin da aka ce an nema an rasa, da ranar da za ka yi sammako ka iso sai a ce an ɗage zama. Wannan wahalar ce kwamfuta da intanet suka yi alkawarin ragewa. Sun rage wani ɓangare nata, sun kuma haifo wata sabuwa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Wace irin shari'a ake magana a kai?

Shari'ar neman haƙƙi, wadda masana ke kira madaniyya. Ita ce wadda mutum ke kai ƙarar ɗan'uwansa ko wani kamfani ko hukuma: bashi, haya, gado, saɓa yarjejeniya, rikicin fili, rabuwar aure, neman diyya. Ba ɗauri ake nema a cikinta ba, biya ake nema ko mayar da abu ga mai shi. Ta fi shari'ar laifi sauƙin komawa intanet, domin mafi yawanta takardu ne da lissafi, kuma babu wanda ke tsare a kurkuku.

Me ya canza a zahiri, ban da surutun jami'ai?

Abu na farko shi ne shigar da ƙara. Maimakon lauya ko yaronsa ya ɗauki tulin takardu zuwa rajista, yanzu a ƙasashe da dama yana loda su ne a shafin kotu, ya biya kuɗin shigarwa nan take, a ba shi lambar ƙara. Singafo ta wajabta wannan tun shekarar 2000. A Ingila da Wales, tun farkon shekarun 2000 mutum na iya shigar da ƙarar neman kuɗi ta intanet ba tare da ya taka ƙofar kotu ba. Kenya ta fara nata tsarin a kotunan Nairobi a watan Yulin 2020. Indiya kuwa ta yi wani abin da ya fi wannan ƙarfin hali: ta buɗe wani rumbun bayanai da kowa zai iya shiga ya ga yawan ƙararrakin da ke jibge a kowace kotu da shekarun da suka yi suna jira. Kotun da ke jan ƙafa ba ta da wurin ɓuya.

Na biyu shi ne zama ta bidiyo, na uku kuma kotunan da aka gina su kacokan a intanet. Za mu zo kansu.

Amfanin da ba a cika faɗa ba shi ne na fayil. Takarda tana ɓata, tana jiƙewa, kuma wani lokacin da gangan ake ɓatar da ita har sai an ga abin goro. Fayil ɗin da ke cikin na'ura yana ɗauke da rana da sa'ar da aka shigar da kowace takarda, da sunan wanda ya taɓa ta. Ba ya hana rashin gaskiya, amma yana barin sawu.

Zaman kotu ta bidiyo ya halatta a doka kuwa?

A yawancin ƙasashe, e. Annobar korona ce ta tilasta amsa wannan tambaya cikin gaggawa a 2020, lokacin da aka rufe kotuna kuma ƙararraki suka yi ta taruwa. Inda aka fi samun gardama shi ne sharaɗin nan na cewa shari'a a bainar jama'a ake yin ta. Idan alƙali yana ɗakinsa, lauyoyi suna ofisoshinsu, ina jama'ar? A Najeriya sai da maganar ta kai Kotun Ƙoli, inda jihohin Legas da Ekiti suka nemi a fayyace musu, kuma a watan Yulin 2020 kotun ta nuna cewa zama ta bidiyo bai saɓa wa tsarin mulki ba. Wasu ƙasashen sun warware matsalar ta hanyar watsa zaman kai tsaye ko bai wa 'yan jarida da masu sauraro damar shiga. Kotun Ƙolin Indiya ta fara watsa wasu manyan shari'o'inta kai tsaye a watan Satumban 2022.

An kuma sha dariya a hanya. A watan Fabrairun 2021, wani lauya a jihar Texas ta Amurka ya bayyana gaban alƙali da fuskar kyanwa, saboda wani saiti da ya maƙale a kwamfutar da yake amfani da ita, har sai da ya tabbatar wa alƙalin cewa shi mutum ne ba mage ba.

Alƙali zai iya gane mai gaskiya da maƙaryaci ta allo?

Nan fa ake yin ta. Idan zaman na ɗage shari'a ne, ko tsara ranaku, ko muhawarar lauyoyi kan wani sashe na doka, bidiyo ya wadatar, har ma ya fi. Babu dalilin da zai sa mutum ya yi tafiyar yini guda don zaman minti goma.

Amma idan aka zo kan shaida, labari ya bambanta. A ce wata mata tana ba da shaida daga falonta. Lauya ya yi mata tambaya mai tsauri, sai ta yi shiru na ɗan lokaci, idonta ya karkata hagu, sannan ta amsa. Tunani take yi? Sabis ne ya ɗauke? Ko wani ne zaune gefen kyamara yana ɗaga mata takarda? Alƙali ba shi da hanyar sani. Shi ya sa wasu alƙalai ke sa mai shaida ya juya wayarsa a ga ɗakin gaba ɗaya kafin a fara, ya kuma rantse cewa shi kaɗai ne. Tafinta ma yana shan wahala, domin jinkirin murya na daƙiƙa biyu ya isa ya sa mutum uku su riƙa magana lokaci guda.

Ni dai ina ganin an cika yabon ƙwarewar alƙalai wajen karanta fuska, ko a cikin kotun ma. Mai gaskiya yana rawar jiki, ƙwararren maƙaryaci kuwa ko gezau. Asarar da bidiyo ke jawowa a wani wurin take: mutumin da ba shi da lauya, idan yana cikin kotu kuma ya ruɗe, alƙali ko magatakarda na iya lura da shi. A allo, ƙaramin hoto ne a lungu, muryarsa a kashe.

Za a iya aiko mini da sammaci ta WhatsApp ko Facebook?

Ana iyawa, amma a mafi yawan wurare sai da izinin kotu, bayan an nuna cewa an nemi mutum ido da ido an rasa. Ba sabon abu ba ne. A watan Disamban 2008 wata kotu a Kanbera ta Ostareliya ta amince a isar wa wasu da ake bi bashin gida takardun kotu ta Facebook. A 2009 babbar kotun Ingila ta amince da isar da umarni ta Twitter ga wani da ba a san ko wane ne ba. Daga nan abin ya bazu.

Don haka kada ka ga saƙo mai ɗauke da sunan kotu ka share shi kawai. Kada kuma ka yi saurin latsa abin da ke ciki, domin 'yan damfara sun gano wannan ƙofar. Ɗauki lambar ƙarar, ka nemi rajistar kotun ta hanyar da ka samo da kanka, ba ta lambar da ke cikin saƙon ba, ka tambaya ko akwai ƙarar.

Saƙonnin waya da hotunan allo hujja ne?

Hujja ne, kuma sun zama kan gaba a shari'o'in bashi da ciniki. Mutane da yawa ba sa rubuta yarjejeniya, amma suna rubuta "na ga kuɗin, zan biya ƙarshen wata". Wannan layin kaɗai ya ci shari'o'i masu yawa.

Har alamar hannu tana iya ɗaure mutum. A 2023 wata kotu a lardin Saskatchewan na Kanada ta saurari ƙarar wani kamfanin sayen amfanin gona da ya tura wa manomi hoton takardar yarjejeniya ta waya, yana neman ya tabbatar. Manomin ya mayar da alamar nan ta babban yatsa a sama. Da farashi ya tashi bai kawo kayan ba, ya ce shi nufinsa kawai ya ga saƙon. Alƙali ya duba yadda suka saba hulɗa a baya, inda gajerun amsoshi irin su "to" suke zama amincewa, ya yanke cewa alamar sa hannu ce, ya umarce shi ya biya kimanin dalar Kanada 82,000.

Sai dai kotu na so ta gamsu cewa saƙon na gaske ne kuma ba a taɓa shi ba. Dokokin wasu ƙasashe na neman takardar shaida da ke bayyana na'urar da ta fitar da bayanin da kuma cewa tana aiki daidai. Sashe na 84 na dokar shaida ta Najeriya ta 2011 misali ne, kuma lauyoyi da dama sun rasa hujja mai kyau saboda sun manta da wannan takarda. Hoton allo shi ne mafi rauni, tunda yaro ma na iya haɗa na bogi. Wayar da saƙon ke ciki, da hirar gaba ɗayanta daga farko zuwa ƙarshe, sun fi nauyi. Yanzu da ake iya ƙirƙirar muryar mutum da bidiyonsa, matsalar ta zama baki biyu: ana iya kawo na ƙarya, ana kuma iya musanta na gaskiya da cewa ƙirƙira ce.

Ai kwamfuta ba ta ƙarya, ko?

Wannan zaton ya rusa rayuwar ɗaruruwan mutane a Birtaniya. Hukumar gidan waya ta ƙasar ta sa wata manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu, a rassanta. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi da babu shi. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu kula da rassa sama da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi. Wasu sun tafi kurkuku, wasu sun sayar da gidajensu don cike giɓin. A kotu, abin da allo ya nuna shi aka ɗauka, domin doka na ɗaukar cewa na'ura na aiki daidai sai an tabbatar da akasin haka, kuma ta yaya mai ƙaramin reshe zai tabbatar da kuskuren manhajar da bai taɓa ganin cikinta ba?

Abin lura shi ne, shari'ar madaniyya ce ta fasa ƙwan. Masu kula da rassa 555, ƙarƙashin jagorancin ɗaya daga cikinsu, Alan Bates, suka haɗu suka kai ƙara, kuma a watan Disamban 2019 babbar kotu ta tabbatar da cewa manhajar na da kurakurai. Sai a 2024 majalisa ta yi dokar da ta wanke waɗanda aka yanke wa hukunci. Wasu sun rasu ba su ga ranar ba.

Akwai kotun da gaba ɗayanta a intanet take?

Akwai. Wadda aka fi kafa misali da ita tana lardin British Columbia na Kanada, ta fara aiki a 2016 da rikice-rikicen masu gidaje a bene ɗaya, sannan a 2017 ta karɓi ƙananan ƙararraki har zuwa dalar Kanada 5,000. Tsarinta mataki-mataki ne. Da farko shafin zai yi maka tambayoyi cikin harshe mai sauƙi, ya nuna maka matsayinka, har ya ba ka samfurin wasiƙar da za ka aika wa abokin rigimarka. In bai yi ba, ku tattauna ta shafin. In bai yi ba, ma'aikacin sulhu ya shiga tsakani. Sai in duk sun gaza ne mai yanke hukunci zai karanta bayanan kowa ya yanke. Babu ranar da dole kowa ya hallara lokaci ɗaya. Mai aikin dare na iya rubuta amsarsa da asuba. Kuma sun bar ƙofar tarho da takarda a buɗe ga wanda intanet ya fi ƙarfinsa, wanda a ganina shi ne mafi hikimar abin da suka yi.

Sin ta buɗe kotun intanet a Hangzhou a watan Agustan 2017 don rikicin cinikin intanet da haƙƙin mallaka, ta ƙara biyu a Beijin da Guangzhou a 2018.

Ba kowane gwaji ne ya biya kuɗin sabulu ba. Tarayyar Turai ta buɗe dandalin sasanta masu saye da masu sayarwa a 2016, ta rufe shi a watan Yulin 2025 saboda ƙorafe-ƙorafen da ke kaiwa ga sasanci ta cikinsa ba su taka kara sun karya ba.

To, marar ƙarfi ya samu sauƙi ke nan?

A nan gizo ke saƙar, kuma wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci.

Ga wanda ke da waya mai kyau, da data, da karatu, sauƙi ya samu ƙwarai. Mai lalurar ƙafa, da matar da ba ta da mai riƙe mata yara, da ma'aikacin da za a yanke wa albashi idan ya yi fashin yini, da wadda ke tsoron haɗa ido da mutumin da ya zalunce ta, duk sun amfana.

Amma ƙiyasin hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna mutum biliyan 2.6, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya, ba sa amfani da intanet sam. Cikin masu amfani da shi ma, akwai tazara tsakanin iya tura saƙon murya da iya loda takarda mai shafi talatin a tsarin da kotu ke karɓa. A ce an kai ƙarar wani dattijo kan bashin da ya riga ya biya. Rasit ɗinsa na nan a aljihu, a ninke. Ranar zama ya ari wayar jikansa, ya ɗaga rasit ɗin gaban kyamara, haske ya kashe rubutun. Alƙali ya ce ya loda shi a shafi. Bai san me ake nufi ba. Kafin a gama yi masa bayani data ta ƙare. A rubuce, an ba shi damar kare kansa.

Akwai kuma wata tambaya da ba a cika yi ba: idan shigar da ƙara ya yi sauƙi, wa ya fi cin moriya? Ba mai ƙara ɗaya a rayuwarsa ba ne. Kamfanin da ke shigar da dubu a wata ne. A Amurka, wani binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna ƙararrakin karɓar bashi sun tashi daga ƙasa da miliyan 1.7 a 1993 zuwa kusan miliyan 4 a 2013, kuma a wuraren da aka samu alƙaluma, fiye da kashi 70 cikin 100 suna ƙarewa ne da hukunci a bayan idon wanda ake ƙara, saboda bai amsa ba. Ba intanet kaɗai ne ya jawo hakan ba, amma duk tsarin da ya mayar da shigar da ƙara aikin latsa maɓalli, ya bar amsa ƙara da wuyarsa ta da, to ya ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne. Idan ana so a auna ko sabon tsari ya yi amfani, kada a ƙirga yawan ƙararrakin da aka gama. A ƙirga mutum nawa cikin waɗanda aka kai ƙara suka samu suka buɗe baki.

Zan iya sa ChatGPT ya zama lauyana?

ChatGPT manhaja ce ta ƙirƙirarriyar basira da ke amsa tambayoyi a rubuce. Ka iya sa shi ya fassara maka wasiƙar lauya zuwa magana mai sauƙi, ko ya taimaka ka jera abin da ya faru bisa kwanan wata. A nan yana da amfani, musamman ga wanda ba shi da kowa. Amma kada ka miƙa wa kotu abin da ya rubuta ba ka tantance ba, domin yana ƙirƙiro hukunce-hukuncen da ba a taɓa yi ba, da sunaye da lambobi tsaf kamar gaske.

Lauyoyi ma sun faɗa ramin. A 2023, a wata ƙara da aka kai kamfanin jiragen sama na Avianca a New York, lauyoyin mai ƙara sun kafa hujja da shari'o'i shida da babu su a duniya, alƙali ya ci su tarar dala 5,000. A watan Yunin 2025 babbar kotun Ingila ta yi gargaɗi mai zafi bayan ta gano cewa a wata ƙara, 18 daga cikin hukunce-hukunce 45 da aka ambata na bogi ne. Sannan ka tuna, abin da ka faɗa wa lauyanka doka na kare sirrinsa. Abin da ka rubuta wa manhaja ba lallai ya samu wannan kariyar ba.

Na'ura za ta maye gurbin alƙali?

A 2019 labari ya zagaya duniya cewa Estoniya na gina alƙalin na'ura don ƙananan ƙararraki. Ma'aikatar shari'ar ƙasar ta fito ta ƙaryata. Abin da ke faruwa a zahiri bai kai haka armashi ba: manhajoji na tace ƙararraki, suna rubuta abin da aka faɗa a zama, suna taƙaita takardu. A farkon 2023 wani alƙali a Kolombiya ya bayyana cewa ya tuntuɓi ChatGPT yayin rubuta hukunci kan kuɗin jinyar wani yaro, abin ya jawo ce-ce-ku-ce. Dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira, ta 2024, ta sa irin wannan amfani cikin rukunin masu babban haɗari. Dalilin a fili yake: wanda aka kayar yana da haƙƙin sanin dalili, don ya ɗaukaka ƙara, kuma dole a samu mutumin da zai ɗauki alhakin hukuncin.

Idan aka yi kuskuren latsawa, ko aka yi wa kotu kutse fa?

Duka biyun sun faru. A Ingila wani ma'aikacin ofishin lauyoyi ya buɗe fayil ɗin da ba shi ba a shafin kotu, ya nemi hukuncin ƙarshe na raba auren wasu ma'aurata da ba su kai wannan matakin ba. Cikin minti 21 aka amince. Da aka koma neman a warware, a 2024 alƙali ya ƙi, ya ce hukuncin ƙarshe ba abin wasa ba ne. Aure ya mutu da latsa ɗaya.

A watan Oktoban 2023 kuma masu kutse suka durƙusar da tsarin kotunan jihar Kansas ta Amurka, aka koma takarda da biro na tsawon makonni, aka kuma saci bayanan mutane. Fayil ɗin kotu cike yake da abin da ɓarawo ke so: adireshi, bayanan banki, rahoton likita, sirrin iyali. A da sai mutum ya je rajista ya nema ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ana iya kwashe na shekara ashirin a dare guda.

An ba ni ranar zama ta bidiyo. Me ya kamata in yi?

Gwada manhajar kwana ɗaya kafin ranar, da wayar da za ka yi amfani da ita, a wurin da za ka zauna. Aika takardunka ga rajista tun da wuri, ka ajiye shaidar cewa sun karɓa. Kada ka bari sai ranar ka ɗaga su gaban kyamara. Sa sunanka na gaskiya a allo, ba laƙabi ba, domin magatakarda ba zai shigar da wanda bai gane ba. Yi shigar da za ka yi in kotun za ka je, kuma kada ka naɗi zaman ko ka ɗauki hoto, a wurare da yawa raina kotu ne.

In ba ka da na'ura ko sabis mai ƙarfi, ko kana buƙatar tafinta, rubuta wa kotu tun kafin ranar ka nemi a saurare ka ido da ido ko ta tarho. Rubuta lambar rajista a takarda ka ajiye kusa da kai. Idan layi ya yanke ana tsakiyar zama, kira su nan take, ka kuma ɗauki hoton allon da ke nuna sa'ar da ya yanke, domin shi za ka nuna idan aka rubuta cewa ba ka halarta ba.